Iskar Rana da Kogunan Lantarki na Samaniya: Yadda Suke Sarrafa Maganaɗisun Duniya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe kamfas ya san allurarsa arewa take nunawa, har ma a kan ɗauka cewa ba ta motsawa daga inda ta tsaya. Amma da za a rataya doguwar allura da zare mai laushi, a zauna ana lura da ita tun daga asuba har faɗuwar rana, da an ga tana ɗan karkata, ta koma, ta sake karkata, wata rana kuma ta yi ta makyarkyata kamar mai jin ɗari. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da ke haddasa wannan motsi, watau iskar da ke busowa daga rana, da kuma kogunan lantarki da ke gudana a samaniya can bisa gajimare. Da yake kalmomin wannan fanni ba su zauna sosai a Hausa ba tukuna, za a yi amfani da "fagen maganaɗisu" a nufi sararin da ƙarfin maganaɗisu ke aiki a cikinsa, "farfajiyar maganaɗisu" kuwa a nufi yankin samaniya da maganaɗisun duniya ke mulki a ciki.

Abin da allura ta tona

A shekarar 1600 ne wani likitan Ingila mai suna William Gilbert ya bayyana cewa duniya ita kanta wani ƙaton maganaɗisu ce. Bayan shekara fiye da 200, masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa kusan dukan wannan ƙarfi daga cikin duniya yake fitowa. A yau an san tushensa narkakken ƙarfe ne da ke jujjuyawa a ƙarƙashin ƙasa, daga zurfin kimanin kilomita 2,900. Ma'aunin da ake auna ƙarfin da shi sunansa nanotesla. A doron ƙasa ana samun daga 25,000 zuwa 65,000, ya fi rauni a wasu sassa na tsakiyar duniya, ya fi ƙarfi wajen ƙuryar arewa da ta kudu. A Nijeriya yana tsakanin 33,000 da 35,000.

To, sai dai narkakken ƙarfen nan a hankali yake sauyawa, sai an yi shekaru kafin a ga bambanci. Saboda haka ba shi ne ke sa allura rawa tsakanin hantsi da azahar ba. Tun a 1722 wani maƙerin agogo na Landan, George Graham, ya lura da wannan motsi na kullum. A 1741 kuma Anders Celsius da mataimakinsa Olof Hiorter, a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, suka gane cewa duk daren da hasken nan mai launi-launi da ake kira orora ya cika samaniyar arewa, allura takan rikice. A 1852 Edward Sabine ya nuna cewa yawan rikicewar yana hawa yana sauka tare da yawan baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana, waɗanda kan yawaita su ragu cikin kimanin shekara 11.

Babbar shaida ta zo a ranar 1 ga Satumba, 1859. Richard Carrington yana cikin zana tabon rana a Ingila sai ya ga wani farin haske ya walƙa a cikinsu na 'yan mintoci. Ba a cika sa'a 18 ba sai alluran wuraren awo suka fice daga ma'auninsu, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, aka ga orora har a Kyuba da Hawai, inda ba a saba ganinta ba. Duk da haka, a 1892 Lord Kelvin, wanda a zamaninsa ba a ja da maganarsa a kimiyya, ya yi lissafi ya ce rana ba za ta iya girgiza allura daga wannan nisa ba, dacewa ce kawai. Lissafinsa daidai ne a kan abin da ya ɗauka, domin ya ɗauka tsakanin rana da duniya fayau yake, babu kome. Kuskurensa bai wuce wannan ba, kuma sai da aka yi shekara 70 kafin kumbo ya gyara shi.

Iskar rana

Saman rana da ake kira korona, watau farin rawanin nan da ke bayyana idan an yi cikakken husufi, zafinsa ya wuce digiri miliyan ɗaya. A irin wannan zafi ƙwayoyin zarra ba su iya riƙe kansu, sai su rabu gida biyu: furoton mai cajin lantarki na ƙari, da elektaron mai cajin ragi. Iskar da ta zama haka ita ake kira fulasma, kuma abin da ya bambanta ta da iskar da ake shaƙa shi ne tana ɗaukar lantarki, tana kuma jin maganaɗisu.

A 1951 Ludwig Biermann na Jamus ya lura cewa wutsiyar tauraro mai wutsiya kullum baya take bai wa rana, ko tauraron yana zuwa ko yana komawa, kamar tutar da iska ke kaɗawa. A 1958 Eugene Parker na Jami'ar Chicago ya nuna cewa nauyin rana ba zai iya riƙe koronar da ta yi wannan zafi ba, tilas ta riƙa kwarara waje ba dare ba rana. Masu tace maƙalarsa sun ƙi ta, sai da editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya duba bai ga kuskure a lissafin ba, ya buga. Kumbon Rasha Luna 2 ya ji alamar iskar a 1959, sa'an nan kumbon Amurka Mariner 2, a kan hanyarsa ta zuwa Zuhura a 1962, ya auna ta wata da watanni, gardama ta ƙare.

Gudun wannan iska yakan kama daga kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa ɗaya, amma galibi wajen 400 ne. Da wannan gudu takan yi kwana huɗu da 'yan sa'o'i kafin ta gama kilomita miliyan 150 da ke tsakanin rana da duniya. Ba ta da kauri ko kaɗan: a cikin sararin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ƙwayoyi kamar biyar ne kawai. Da mutum zai tsaya a cikinta ba zai ji ko gashinsa ya motsa ba. Abin da ya ba ta muhimmanci shi ne tana jawo wani ɗan yanki na maganaɗisun rana tare da ita, mai ƙarfin nanotesla kamar biyar. Wannan ɗan ƙaramin adadi, kamar yadda za a gani nan gaba, shi ne mabuɗin al'amarin duka.

Dutse a tsakiyar rafi

Da babu iskar rana, da layukan maganaɗisun duniya sun fita daga kudu sun lanƙwasa sun shiga arewa daidai wa daida ta kowane gefe, kamar yadda garin ƙarfe ke jeruwa a kewayen sandar maganaɗisu. Amma iskar ba ta bar su haka ba. Fulasma ba ta ratsa fagen maganaɗisu da sauƙi, saboda haka idan ta iso sai ta danne shi ta fuskar da ke duban rana, ta rabu biyu ta zagaye shi, kamar ruwan rafi da ya tarar da dutse. Ta gefen rana iyakar farfajiyar tana tsayawa a nisan kimanin kilomita 64,000 daga cibiyar duniya, watau inda ƙarfin turin iskar da ƙarfin turjiyar maganaɗisu suka yi kunnen doki. Ta gefen dare kuwa iskar takan ja layukan su miƙe su zama wutsiya mai tsawon gaske, wadda ta wuce nisan wata nesa ba kusa ba. Thomas Gold ne ya raɗa wa wannan farfajiya suna a 1959, Norman Ness da abokan aikinsa kuma suka auna wutsiyar da tauraron ɗan Adam suka bayyana ta a 1965.

Wajibi ne a nan a tuna da abin da Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano a 1820, cewa duk wayar da lantarki ke bi tana karkatar da allurar da ke kusa da ita. Ma'anar wannan ita ce, duk inda aka ga fagen maganaɗisu ya lanƙwashe ko ya miƙe saɓanin yadda ya kamata, to lalle akwai lantarki da ke gudana a wurin, ko da ba a ga waya ba. A samaniya fulasma ce wayar. A bakin iyakar nan, furoton da elektaron na iskar rana sukan ɗan kutsa, sai maganaɗisu ya juya su, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, rabuwar tasu ta zama shimfiɗar lantarki da ta lulluɓe farfajiyar. Sydney Chapman da ɗalibinsa Vincenzo Ferraro sun hango wannan a 1931, tun ba a harba kumbo ko ɗaya ba. Idan wani curin fulasma mai gudu ya daki iyakar, shimfiɗar takan matso ta ƙara ƙarfi, sai wuraren awo na duniya duka su ga ƙarfin maganaɗisu ya yi tsalle cikin 'yan mintoci. Wannan tsalle shi ne sallamar guguwa.

Yadda ƙofa ke buɗewa

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, wani lokaci iska mai ƙarfi takan zo ta wuce ba a ji kome ba, wani lokaci kuma wadda ba ta kai ta ba ta tayar da hankali. James Dungey na Ingila ya kawo amsa a 1961. A goshin farfajiya, layukan maganaɗisun duniya arewa suke fuskanta. Idan maganaɗisun da iskar ta ɗauko shi ma arewa ya fuskanta, sai su goga kafaɗa su rabu, ƙofa na rufe. Idan kuwa kudu ya fuskanta, sai layukan biyu su tsinke a inda suka haɗu, su ƙullu da juna, layin duniya ya wayi gari ɗaya bakinsa na ƙasa, ɗaya na cikin iskar rana. Daga nan iskar ta ja shi ta bisa ƙuryar duniya ta kai shi wutsiya ta jibge.

Wutsiyar ba ta ɗaukar kaya har abada. Idan ta cika, layukan sukan sake tsinkewa su ƙullu a can tsakiyarta, su dawo wajen duniya da ƙarfi kamar ɗanƙon harbi da aka saki, suna koro fulasma mai zafi a gabansu. Wannan cika da saki yakan ɗauki sa'a biyu zuwa uku, ya kuma maimaita. Idan maganaɗisun iskar ya daɗe yana duban kudu sa'o'i da yawa, abin ya taru ya zama cikakkiyar guguwar maganaɗisu.

Zobe da igiyoyi

Fulasmar da aka koro daga wutsiya, idan ta matso kusa, sai maganaɗisun duniya ya kama ta. Furoton da danginsa su riƙa zagaya duniya ta yamma, elektaron ta gabas, kuma da yake cajinsu kishiyar juna ne, tafiyar tasu ta haɗu ta zama kogi ɗaya mai gudu yamma. Wannan shi ne zoben lantarki, wanda ke kewaye da ƙugun duniya a nisan kimanin kilomita 20,000 zuwa 50,000 daga cibiya. Aikinsa rage ƙarfin maganaɗisu ne a doron ƙasa. Ana auna ragin a wurare huɗu da aka zaɓa, watau Honolulu, da San Juan, da Hermanus ta Afirka ta Kudu, da Kakioka ta Japan, a haɗa a fitar da adadi ɗaya kowace sa'a. A guguwar Maris 1989 ragin ya kai nanotesla 589, a ta Mayu 2024 ya ɗan haura 400. In an gwada da 34,000 ba wani abu ba ne, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Amma ba girman ragin ne abin tsoro ba, saurin sauyin ne.

Akwai kuma wasu kogunan da ke bin layukan maganaɗisu kamar igiyoyi, su sauko daga farfajiya zuwa saman iskar duniya a kewayen ƙuryoyi biyu, su ratsa, su koma sama. Kristian Birkeland na ƙasar Norwe ne ya faɗi haka a 1908, bayan ya kafa wuraren awo a cikin ƙanƙarar arewa, ya kuma ƙera wata 'yar ƙwallon maganaɗisu a ɗakin gwaji ya riƙa harbinta da elektaron har ta yi zoben haske a ƙuryoyinta. Chapman, wanda ya fi kowa faɗa a ji a fannin, bai yarda ba, kuma yana da hujja, domin daga ƙasa allura ba ta iya bambance wannan tsari da wanda duk lantarkinsa a kwance yake. Birkeland ya rasu a 1917, sai a shekarun 1960 da 1970 taurarin ɗan Adam suka ratsa ta cikin igiyoyin suka tabbatar da shi. Lantarkin da ke cikinsu yakan kai amfiya miliyoyi. Elektaron da ke saukowa tare da su ne ke dukan iskar oksijin a tsayin kilomita 100 zuwa sama ta yi kore, can bisa kilomita 200 kuma ta yi ja, abin da ake gani a matsayin orora ke nan.

Kogin da ke bisa arewacin Nijeriya

Ba dukan kogunan ne iskar rana ke turawa ba. Daga tsayin kimanin kilomita 90 zuwa 150, hasken rana yakan fasa ƙwayoyin iska da rana, wurin ya zama mai ɗaukar lantarki. Wannan sashe yana cikin abin da ake kira ayonosfiya, wadda ke maido da muryar rediyo mai gajeren zango ƙasa har a ji tashar da ke wata nahiya. Zafin rana yana kaɗa iskar wurin safe da yamma, kuma duk abin da ke ɗaukar lantarki idan ya gitta fagen maganaɗisu sai lantarki ya tashi a cikinsa, kamar yadda janareta ke aiki. Sakamakon haka akwai manyan gewaye biyu na lantarki, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, suna tsaye a fuskar da rana ke haskawa, duniya na juyawa a ƙarƙashinsu. Su ne suka motsa allurar Graham. Balfour Stewart ya yi hasashensu a 1882.

A inda gewayen biyu suka haɗu akwai wani abin mamaki. Akwai wani layi da ya zagaye duniya wanda a kansa layukan maganaɗisu ke kwance sambal, allurar da aka rataya ba ta sunkuyawa arewa ko kudu. Shi ne ikwaitar maganaɗisu, kuma bai bi ikwaitar taswira ba: a Peru yana kudu da ita, a Afirka yana arewa da ita da kimanin digiri goma, har ya ratsa arewacin Nijeriya ba nesa da Zariya ba, ya wuce Cadi ya nufi Habasha. Da aka buɗe wurin awo a Huancayo ta Peru a 1922, sai aka tarar hawa da saukar maganaɗisu na kullum a can ya ninka na sauran wurare fiye da sau biyu. Dalili shi ne, a kan wannan layi ƙarfin lantarkin da ke tura gabas yakan ɗaga elektaron sama, alhali ƙwayoyi masu nauyi iska ta riƙe su a ƙasa. Rabuwar nan ta haifar da wani sabon ƙarfi a tsaye, shi kuma ya kori elektaron yamma da gudu, wanda daidai yake da lantarki mai gudu gabas. Ta haka ake samun siririn kogi mai ƙarfi, faɗinsa kimanin kilomita 600, a tsayin kilomita 105 ko kusa da haka. Yana tasowa da hantsi, ya cika wajen tsakar rana, ya janye da yamma. Chapman ya sa masa suna elektarojet na ikwaita a 1951.

Nijeriya ta ba da gudummawa mai yawa wajen sanin wannan kogi, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Tun a shekarun 1950 Cyril Onwumechili ya fara aunawa daga Ibadan, ya kuma shafe rayuwarsa a kan batun, har ya wallafa cikakken littafi a kansa a 1997. A shekarun 1960 Rosemary Hutton ta koyar da fizis a Jami'ar Ahmadu Bello, ita da J. O. Oyinloye suka buga bincike a 1970 a kan ranakun da kogin ke juyawa ya koma yamma na 'yan sa'o'i, abin da P. Gouin da P. N. Mayaud suka bayyana a 1967 daga awon Addis Ababa. Ashe ke nan manomin da ke huɗa a gonarsa da tsakar rana a ƙasar Zazzau, akwai kogin lantarki na gudana bisa kansa, a nisan da bai kai tsakanin Zariya da Kano ba.

Abin da ke isowa ƙasa

Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa fagen maganaɗisu mai sauyawa yana tayar da lantarki a cikin duk ƙarfen da ke kusa. Dogayen wayoyin wuta, da bututun mai, da layin dogo, duk ƙarfe ne a miƙe, kuma iyakar tsawonsu iyakar abin da za su kwasa. Da asubahin 13 ga Maris, 1989, kogin lantarkin orora ya yi ta fizga bisa Kanada. Lantarkin da ya shiga wayoyin lardin Kwibek ya rikita taransifomomi, cikin kimanin daƙiƙa 90 duk tsarin ya faɗi, mutum miliyan shida suka zauna ba wuta har sa'a tara cikin sanyin hunturu. An daɗe ana ɗauka wannan matsalar ƙasashen ƙurya ce kaɗai, sai guguwar ƙarshen Oktoba 2003 ta kashe wuta a Malmo ta Suwidin, daga baya kuma aka tarar da manyan taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu.

A sama ma haka abin yake. Lantarkin da ke ratsa ayonosfiya yana ɗumama iska ta kumbura, ta riƙa jan taurarin ɗan Adam da ke ƙasa-ƙasa. A Fabrairu 2022 wata guguwa da ba ta ma kai ta kawo ba ta sa 38 daga cikin taurari 49 na Starlink da aka harba tare suka faɗo suka ƙone. Saƙon GPS kuma, da jirgin sama da mai awon fili suka dogara da shi, tilas ya ratsa ayonosfiya, kuma yankin ikwaitar maganaɗisu yana cikin wuraren da ya fi gurɓacewa, musamman bayan faɗuwar rana.

Hango tahowar curin fulasma daga rana ba shi da wuya, ana ganin tashinsa kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso. Abin da ba a iya gani daga nesa shi ne inda maganaɗisunsa ya fuskanta, arewa ko kudu, alhali a kan wannan ne kome ya rataya. Domin haka aka ajiye kumbuna a wani matsayi mai nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya ta fuskar rana, kamar ACE da aka harba a 1997 da DSCOVR a 2015, iskar ta fara bi ta kansu su auna ta su aiko da labari. Gargaɗin da masu kula da wutar lantarki ke samu daga nan yakan kai sa'a ɗaya idan iskar na tafiyarta ta kullum, idan kuwa mai tsananin gudu ce ba ya wuce minti 15 zuwa 20.